Hoton ma'aikaci cikin da'ira a rahoton ofis: a yanka a waje ko a bar wa manhaja?

Wani ƙarshen wata Alhaji ya kira ni ofishinsa a Sabon Garin Zariya, ya juyo mini da fuskar wayarsa. Abokin kasuwancinsa ne daga Kano ya turo masa rahoton kamfaninsu, kowane ma'aikaci da ɗan hotonsa a zagaye kusa da sunansa, irin na WhatsApp. Ya ce, "Malam, mu me ya sa namu yake kamar takardar sakamakon jarrabawa? Irin wannan nake so." Na ce, "Ranka ya daɗe, ai wannan ba wani aiki ba ne." Mako biyu na yi ina cizon yatsa kan wannan magana.

Taki da iri da maganin feshi muke rarrabawa, muna da wakilai a Giwa, Soba, Makarfi, Kudan da Ikara. Rahoton wata da Power BI, manhajar Microsoft ta haɗa rahoto, nake haɗa shi, in fitar da PDF in tura a zauren WhatsApp na ofis, sannan in buga kwafi ɗaya wa Alhaji, don shi sai ya riƙe takarda yake yarda an yi aiki. Cikin makon nan biyu na gwada hanyoyi shida na mayar da hoto da'ira. Duk shida ɗin sun ba ni da'ira a fuskar kwamfutata. Inda suka rabu shi ne bayan rahoton ya bar hannuna: wata ta lalace a PDF, wata ta ɓace da intanet ya yanke, wata kuma ta so ta fitar da hotunan mutane kasuwa. Saboda haka kafin ka zaɓa, ka san abu uku: hotuna nawa ne, sau nawa suke canzawa, kuma a ina za a karanta rahoton.

Akwai wani lissafi da ya hau kan kowace hanya. Idan ka zana da'ira cikin murabba'i, abin da take ɗauka kashi 78.5 ne cikin 100 na filin, sauran kashi 21.5 na kusurwoyi huɗu ya tafi. In kuwa hoton ba murabba'i ba ne, wato tsawonsa ya fi faɗinsa kamar yadda fasfo yake, to sai an fara rage shi, in ba haka ba ƙwai za ka samu maimakon da'ira. A wajen Bature marar hula wannan asara kafaɗa ce kawai da bango. A wajenmu hula ce, ɗaurin ɗankwali ne, rawani ne. Ɗaya daga cikin wakilanmu mai riƙe da sarauta ne a garinsu, ya turo hoton da ya sha rawani mai kunne biyu, na sa shi a da'ira ba tare da na lura ba, kunnuwan suka tafi. A ƙasar Zazzau ba sai an yi wa mutum bayanin abin da hakan yake nufi ba. Bai yi faɗa ba, waya kawai ya bugo ya ce, "Malam, na ga an rage mini tsawo." Tun daga ranar nake auna kowace hanya da tambaya guda: wa ke yanke shawarar inda fuska za ta zauna, idona ko na'ura?

Hanyar da ta fi daɗewa ita ce ka yanka hoton tun a waje, ka shigo da shi rahoto a shirye. PowerPoint ɗin da ke kwamfutarka ya isa. Ka saka hoton, ka shiga Picture Format, ka danna ƙaramar kibiyar da ke ƙarƙashin Crop, ka zaɓi Crop to Shape ka ɗauki Oval, ka sake komawa ka sa Aspect Ratio a 1:1. Daga nan sai ka ja hoton da linzami har fuska ta zauna tsakiya, hula ta shigo. Ka danna dama, Save as Picture, ka ajiye shi a matsayin PNG. Wannan na ƙarshe shi ne inda mutane da yawa ke tuntuɓe. JPEG ba ya iya riƙe fili marar launi, dole sai ya cike kusurwoyin da wani abu, galibi fari. A kan farar takarda ba za ka gane ba, amma ranar da ka sa rahoton a kan kore ko shuɗi, kowane ma'aikaci zai fito zaune cikin farin akwati. PNG kuwa yana barin kusurwoyin shara-shara, kowane launi ke baya shi zai bayyana.

Wanda ba shi da Office yana da manhajar gyaran hoto ta GIMP kyauta, ko Photopea da ke aiki cikin burauza, ko Google Slides mai irin wannan yanka a kibiyar da ke gefen alamar Crop. Canva ma na da firam mai da'ira, kuma shi yaranmu na shagunan buga takardu a Samaru suka fi sabawa da shi, sai dai sauke hoto da bango shara-shara na masu biyan kuɗi ne. In ka ba wani ya yi maka, ka ce ya turo a matsayin dokumen. Idan ya turo shi kamar hoto na yau da kullum, WhatsApp zai matse shi ya mayar JPEG, aikin ya koma baya.

Abin da wannan hanya ta fi sauran da shi: hoton da aka yanka a waje ba ruwansa da manhajar da za ta nuna shi. Power BI, Excel, Tableau, Looker Studio, Word, duk za su karɓe shi, kuma yadda ya fito a allo haka zai fito a PDF da takarda. Gobe in Alhaji ya ce a koma Excel, hotunan na nan. Kuma kai ka daidaita kowace fuska da idonka. Laifinta biyu ne. Na farko gajiya: mutum 30 aikin yamma ɗaya ne, mutum 600 kuwa sai dai a tausaya maka. Na biyu nauyi: hoton fuska a PNG yakan ninka takwaransa na JPEG sau da yawa, don PNG ba ya zubar da komai wajen matsewa. Maganin wannan shi ne kada ka ajiye abin da ya fi buƙata. Injin buga takarda mai kyau ɗigo 300 yake so a kowane inci, saboda haka da'irar da faɗinta inci ɗaya ne a takarda, fikzel 300 a tsaye 300 a kwance sun ishe ta. Hoton da ya fito kai tsaye daga waya faɗinsa dubbai ne. Ka tara irinsu 40 a rahoto ɗaya, wakilinka na ƙauye zai ƙarar da datarsa bai ga shafin farko ba.

Gajiyar ma tana da magani in akwai mai ɗan taɓa rubutun kwamfuta a kusa. Wani ɗan hidimar ƙasa da aka turo mana ya rubuta mini layuka kaɗan da harshen kwamfuta na Python, da ɗakin kayan aikin hoto mai suna Pillow: yana ɗaukar duk hotunan da ke jaka ɗaya, ya mayar da su murabba'i, ya ɗora da'ira, ya ajiye PNG. ImageMagick ma na yin haka. Abu biyu ya koya a wahale. Hoton waya na ɗauke da ɓoyayyen bayani da ke faɗin ta wane gefe aka riƙe wayar, in ba a karanta shi ba wasu mutanen a kwance za su fito. Sannan bakin da'irar yakan yi zarto-zarto, sai an zana ta da girma kamar ninki huɗu an rage kafin ta yi sumul. Amma ka tuna, na'ura tsakiyar hoto ta sani, ba ta san rawani ba. Bayan ta gama sai ka bi su da ido, ka ware 'yan kaɗan da za ka gyara da hannu.

Hanya ta biyu ita ce ka bar manhajar rahoton ta yanka da kanta. A Excel wannan gaskiya ne kai tsaye, domin Crop to Shape ɗin da ke PowerPoint yana nan a Excel da Word. Ga rahoto mai hoto biyar ko goma da ba sa motsi, ba ka buƙatar komai bayan wannan. Sai dai yankan Office ɓoyewa ne, ba zubarwa ba. Duk wanda ka tura wa fayil ɗin zai iya danna Crop ya ga hoton gaba ɗaya, har da wanda ke tsaye a gefe da abin da ke bayan ɗaki. In kana son abin ya tafi da gaske, ka shiga Compress Pictures ka zaɓi a goge sassan da aka yanke. Nauyin fayil ma zai ragu. Wani abin kuma, hoton da ke shawagi a saman takardar Excel ba ya bin bayanai yadda kake zato. Idan kana jera wakilai daga wanda ya fi ciniki zuwa ƙasa kowane wata, kana iya wayar gari fuskar wani na kan sunan wani. Excel na Microsoft 365 na da dabarar IMAGE da ke sa hoto cikin gida ɗaya na jadawali daga adireshin intanet, shi yana bin layinsa, amma yadda ya zo haka zai zauna. Kana son da'ira, sai ka ba shi wanda aka riga aka yanka. Ka ga mun dawo hanya ta farko.

Haka labarin yake a jadawalin Power BI. Kana sa adireshin hoto a shafi, ka ce wa manhajar nau'in bayanin Image URL ne, ta nuna hoton a kowane layi, amma ba ta da maɓallin da zai zagaye shi a nan. Tableau, wata manhajar rahoto irin Power BI, ma na da jakar Shapes inda ake zuba hotuna a yi amfani da su a matsayin alamomi, kuma PNG mai bango shara-shara shi ne ke dacewa da wurin. A nan zan ɗan ratse: in ka ce wa Tableau ya raba hotunan da kansa, bin jerin haruffa yake yi. Mu da muke da Abubakar huɗu da Muhammad biyar a ofis guda, wannan tarko ne. Ka sa wa kowane fayil lambar ma'aikaci, kada ka sa suna. Wannan shawara ta shafi kowace hanya, ba Tableau kaɗai ba.

Ta uku ita ce wadda masu son fasaha suka fi yabo, kuma ban ga laifinsu ba. A Power BI ana iya ɗauko ƙarin kayan nuni daga kasuwar AppSource, cikinsu akwai HTML Content, wanda ke ba ka damar rubuta abin da kake so kamar shafin intanet. Ka ba hoton faɗi da tsawo iri ɗaya, ka rubuta border-radius: 50% da object-fit: cover, shi ke nan. Na farkon ya zagaye kusurwoyi, na biyun ya cika filin ba tare da ya miƙe fuskar mutum ba. Asalin hoton ba a taɓa shi ba, JPEG ɗinsa mai sauƙi yana nan, in an ɗauki sabon ma'aikaci adireshin hotonsa kawai za a ƙara. Har zobe mai launi za ka iya yi wa da'irar, kore ga wanda ya cika alƙawarin wata, ja ga wanda ya gaza. Ga makaranta ko asibiti ko banki mai ɗaruruwan ma'aikata da ke shiga da fita, wannan ita ce ta fi hankali.

Amma tana da sharuɗɗan da ba a faɗa maka a bidiyon koyarwa. Microsoft ya raba waɗannan ƙarin kaya biyu: waɗanda ya tantance da waɗanda bai tantance ba. Wanda aka tantance ba a yarda ya ɗauko komai daga waje ba, ke nan ba zai jawo hoto daga adireshin intanet ba. Wanda ba a tantance ba zai jawo, amma in rahoton na kan Power BI na yanar gizo aka fitar da shi PDF ko PowerPoint daga can, gurbinsa ba ya fitowa. Daga Power BI Desktop na kan kwamfutarka kuwa yana fita. To ka ga amsar ta rataya ga inda kake fitar da rahoto. Mu daga Desktop muke fitarwa, domin kyauta ne, lasisin Pro kuwa da ake raba rahoto da shi a yanar gizo ya tashi daga dala 10 zuwa 14 a wata kan kowane mutum a 2025, kuma Alhaji da ya ji an ambaci dala yake canza magana. Duk da haka hanyar ba ta zauna mini ba, saboda kowane hoto sai an jawo shi daga intanet a lokacin da ake buɗe shafin. Ranar da sabis ya yi sanyi, rabin wakilai suka fito, rabi suka bar gurbi.

Ga kuma babbar magana. Adireshin hoton da Power BI zai nuna wa kowa ba tangarɗa shi ne wanda ke buɗewa ba tare da an nemi kalmar sirri ba. Ma'ana, duk wanda ya samu adireshin zai ga hoton. A cikin ma'aikatanmu akwai matan aure. Wata da na nemi hotonta ta ce, "Malam, in dai na cikin ofis ne ba komai, amma ban yarda ya hau intanet ba." Tana da gaskiya, kuma doka na bayanta: tun 2023 Nijeriya ke da dokar kare bayanan mutane, kuma hoton fuska na cikin abin da ke nuna ko wane ne mutum. Wannan dalili shi ya sa ban daɗe a kan hanya ta huɗu ba, wato kamfanonin da ke yanka hoto a sabarsu. Cloudinary misali ne: kana ƙara r_max a adireshin hoton ya dawo a zagaye, ka ƙara g_face ya nemo fuska ya sa ta tsakiya. Aiki ne mai kyau, ga hotunan kaya, buhun taki ko kwalbar magani, ba ni da ja. Fuskokin mutane kuwa, sai ka tambaye su tukuna.

Ta biyar dabara ce da ke ƙoƙarin haɗa amfanin hanya ta farko da ta uku: a narkar da hoton ya koma haruffa, abin da ake kira base64, a ajiye shi cikin bayanan rahoton kansa, sannan a naɗe shi da zanen SVG mai da'ira, wato zanen da ake rubutawa da haruffa, ta hanyar DAX, harshen lissafin Power BI. Ba intanet, ba ƙarin kaya daga kasuwa, yana zama cikin jadawali ya bi layinsa, kuma JPEG ɗin ma ya isa tunda SVG ne ke yanka. Na so wannan hanya ƙwarai. Matsalarta iyaka ce: gidan rubutu ɗaya a Power BI haruffa 32,766 yake ɗauka, base64 kuma na ƙara wa fayil kusan kashi ɗaya cikin uku. In ka yi lissafi, hoton da ya wuce kilobait 24 ko kusa da haka zai guntule, ka ga kai ba haɓa. Ana iya rarraba haruffan gida-gida a sake haɗa su, amma daga nan ka shiga aikin da in ka tafi hutu ba mai iya taɓawa. Kada kuma ka yi tunanin sa adireshin intanet cikin SVG ɗin don guje wa wannan, burauza ba ta yarda zanen da aka nuna a matsayin hoto ya jawo wani abu daga waje. Ko alamar # ta lambar launi sai ka rubuta ta %23, in ba haka ba zanen ya ƙi fitowa, ka kwana kana neman dalili.

Ta shida ba zan ɓata maka lokaci a kanta ba. Ana yin murabba'i mai launin shafi da huda a tsakiya, a ɗora shi bisa hoton kamar murfin tukunya. Yana ruɗin ido har sai an canza launin shafi, ko wani ya matsar da abu ɗaya ya bar ɗayan. A Power BI Desktop ma, launin da ke kewaye da shafi, wanda suke kira Wallpaper, ba ya bin rahoto zuwa PDF, to in da shi ka daidaita murfin, asiri ya tonu. Hoto ɗaya a bangon rahoto, ana sauran minti goma a shiga taro, to. Ban da haka a'a.

In ka tambaye ni, ga yadda zan raba. Mutanenka ba su wuce 50 ba, kuma rahoton PDF ne ko takarda: yanka a waje, PNG, fikzel 300. Excel ne da hotuna kaɗan da ba a sake jera su: Crop to Shape, ka goge abin da aka yanke. Ɗaruruwa ne, ana karantawa a allo, kuma ma'aikatarku na da wurin ajiyar hotuna da masu hoton suka amince da shi: HTML. Ba a yarda hoto ya fita ba sam, kuma kana da haƙurin rage kowanne ƙasa da kilobait 24: base64, ko dai PNG ɗin da ka riga ka yanka in ya shiga, ko JPEG cikin SVG. Kowacce ka ɗauka, ka ajiye asalin hotunan a jaka dabam ba tare da ka taɓa su ba, domin wanda ya ce da'ira yau, gobe yana iya ganin wani rahoton ya ce murabba'i mai lanƙwasassun kusurwoyi yake so.

Mu a ƙarshe gauraye muka yi. Shafin wakilai biyar da suka fi ciniki, wanda ke canzawa kowane wata, da SVG yake tafiya, da ƙananan hotuna. Shafin da ke nuna kowa da yankinsa kuwa PNG ne da na yanka da hannu. Wadda ba ta son hotonta ya shiga PDF ɗin da ke yawo a WhatsApp, da'ira mai launi muka sa mata da harufan farko na sunanta, kuma wasu maza biyu da suka gani suka ce su ma haka suke so. Sabon wakili yanzu saƙo ɗaya nake tura masa: ya tsaya jikin bango marar ado, mai ɗauka ya ja baya taku biyu, a bar fili kamar tafin hannu a saman hula, a turo a dokumen. Mai rawanin nan sai da ya sake ɗauka sau uku kafin kunnuwan biyu suka shiga.